Amsa ga mai son zuwa ramin dutsen Mpape da kayan gwanjon soja

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka samu takalmin but da jakar baya da riga irin ta soja a gwanjo, kana tambaya ko za su kai ka tsohon ramin fasa dutse na Mpape da ke Abuja ka dawo a yini ɗaya. Na je wurin nan ya fi sau biyar, da damina da rani, to bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Rigar dai in mai dabbare-dabbaren nan ce ta kakin soja, don Allah ka bar ta a gida, kar ma ka saka ta cikin jaka. Dokar ƙasar nan ta hana farar hula sa kayan soja, kuma hanyar da ta taso daga shataletalen AYA zuwa kwanar Mpape barikoki ne a gefenta, ba wanda zai tsaya jin bayanin wai a dila ka siya. Hula ma haka. In jakar koriya ce zalla ko baƙa ba tambari a jiki to wannan da sauƙi, in da dabbare a jikinta nemi wata.

But ɗin kuma nan ne nake so ka natsu. Kayan soja da suka yi ragowa suna da ƙarko ba ƙarya, ɗinki mai kyau fata mai kauri, amma wasu sun yi shekaru jibge a sito kafin su iso hannunmu, kuma soson nan da ke tsakanin fata da tafin takalmin yana mutuwa da ajiya ko ba a taɓa takawa ba. Ni haka ta faru da ni zuwana na biyu, but fes kamar sabo, muna tsakiyar hawa tafin na dama ya ɓare, soson na zuba kamar garin kwaki, da igiyar jaka na ɗaure shi na sauko, tsakuwa ta yanke ni a diddige sai da na yi sati biyu ina ɗingishi. Saboda haka ka lanƙwasa shi da hannu da ƙarfi, ka danna soson da farce, in ya burtse ko ya yi danƙo ya mutu. In ya tsira kai wa shumeka ya zagaye tafin da ɗinki, sannan ka yi kwana huɗu ko biyar kana yawo da shi a unguwa da safa mai kauri. Kar ranar tafiya ta zama ranar farko da ƙafarka ta shige shi, bororo zai hana ka sakat.

Ita tafiyar ba wata mai tsawo ba ce in a cikin garin Mpape ka sauka ka hau mashin zuwa kusa, amma mu mukan taka tun daga ƙasa mu bi tudu, da an idar da sallar asuba muke kama hanya. Ka riƙe canji, samarin unguwa kan karɓi kuɗin shiga. In ka iso sama za ka gane dalilin da ya sa mutane suka yi ta tururuwa wurin a 2020 da hotunansa suka bazu, bangon dutse ne a yanke hawa-hawa, ruwa kwance a ƙasa shiru. Ni abin da ke taɓa ni duk zuwa shi ne tuna cewa daga irin ramukan nan aka kwashi dutsen da aka gina Abuja kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991, sunan Mpape ɗin ma dutse yake nufi a yaren Gbagyi, ga talakawan da ke zagaye da ramin kuma har yau da yawansu ruwan baro suke siya. A Satumban 2018 ƙasa ta yi motsi a yankin har aka dakatar da fasa dutse na wani lokaci, to bangon da nakiya ta tsattsaga ba wurin jingina ba ne, kar ka tsaya a baki-baki don hoto.

Ruwan kuma wallahi kar ka shiga, ko ka iya iyo. Gefensa a miƙe yake ba gangare, ba inda za ka dafa ka fito, 'yan unguwar ma suna cewa akwai tsofaffin ƙarafa a ƙasa. Ko alwala kar ka sunkuya yi a bakinsa, akwai santsi, taho da naka, lita uku aƙalla in a Maris ne, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli. Gorar soja in ta zo da jakar ka wanke ta da ruwan zafi ka cika ta kwana a kife ka ga ko tana yoyo.

Na fi son Nuwamba, ruwan sama ya ɗauke, ciyawa da sauran kore, hazo bai rufe gari ba, sai dai ka sa dogon wando saboda maciji. Kar ka je kai kaɗai, ku zama uku ko huɗu, a gida a san inda kuka nufa, kuma ku sauko kafin la'asar. In ka duba soson but ɗin ka faɗa min yadda ka same shi.