Tambaya da Amsa: Shin Mai Digirin Fiziks Yana da Gurbi a Sashen Hoto na Asibiti?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta digirin farko a fannin fiziks, kuma tun ranar da aka koya mana yadda na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, ke aiki zuciyata ta karkata ga harkar ɗaukar hoton marasa lafiya. Sai dai duk wanda na faɗa wa sai ya ce wannan aikin likitoci ne da masu ɗaukar hoto, wasu kuma suna tsorata ni da cewa hasken na'urorin yana hana haihuwa. Ina roƙon a bayyana mini ainihin aikin, da hanyar da ake bi a kai gare shi, da kuma ko ana samun aikin yi bayan an gama.

Daga wata ɗalibar fiziks

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Waɗanda suka ce miki ba ki da gurbi a asibiti ba su san asalin na'urorin da suke magana a kansu ba. Wilhelm Röntgen, wanda ya gano hasken eksire a ranar 8 ga Nuwamba, 1895 a birnin Würzburg na Jamus, malamin fiziks ne, kuma shi ya fara karɓar kyautar Nobel ta fiziks a 1901. Allan Cormack ma masanin fiziks ne. Aikin wucin gadi da ya yi a wani asibiti a Cape Town a 1956 shi ya sa shi tunanin lissafin da ake haɗa hoton CT da shi, wato hoton eksire da kwamfuta ke haɗawa yanki-yanki, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1979 da injiniya Godfrey Hounsfield, wanda aka fara gwada na'urarsa a kan maras lafiya a Landan a 1971. Haka nan Peter Mansfield, da ya raba kyautar 2003 da Paul Lauterbur saboda MRI, daga sashen fiziks na Jami'ar Nottingham ya fito.

A sashen hoto akwai mutum uku da jama'a ke yawan cakuɗawa. Mai ɗaukar hoto shi ke kwantar da maras lafiya ya sarrafa na'ura, likitan hoto shi ke karanta abin da ya fito ya faɗi ciwon, shi kuwa masanin fiziks na asibiti alhakinsa shi ne ya tabbatar cewa hoton da likita ke dubawa gaskiya yake faɗa, kuma an same shi da mafi ƙarancin hasken da zai wadatar. Maras lafiya ba kasafai yake ganinsa ba, shi ya sa mutane da yawa ba su san da shi ba.

Idan asibiti ya sayi sabuwar na'ura, masanin fiziks ne ke gwada ta kafin a ɗora mata mutum ko ɗaya, ya auna ko ta cika abin da kamfani ya yi alkawari, kuma tun kafin a gina ɗakin shi ne ya lissafa kaurin bango da dalmar da za a sa domin kare waɗanda ke maƙwabtaka da ɗakin. Daga nan sai gwaje-gwajen yau da kullum, waɗanda ake yi da wani abin gwaji da ake kira fantom, wato roba ko tulun ruwa da aka ƙera ya tsaya a madadin jikin mutum. A ma'aunin Hounsfield da ake karanta hoton CT da shi, misali, ruwa dole ya nuna sifili, iska kuma ta nuna dubu ɗaya ƙasa da sifili. Idan lambobin suka kauce, na'urar na iya ɓoye ƙari ko ta nuna abin da babu. Abin da na fi ganin darajarsa a wannan aiki shi ne daidaita yawan haske. Rage shi da yawa yana sa hoto ya yi dishi-dishi har a rasa ciwon da ake nema, ƙara shi kuma yana ɗora wa maras lafiya nauyin da bai kamata ba, musamman ƙananan yara, waɗanda jikinsu ya fi saurin cutuwa kuma suke da shekaru masu yawa a gaba. Hoton CT na ciki guda ɗaya yana iya kaiwa kusan milisibat 10 (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya samu), alhali abin da ɗan Adam ke samu daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara guda, a matsakaicin lissafin duniya, bai wuce milisibat 2.4 ba. Wanda ya gyara tsarin ɗaukar hoton yara a asibiti ɗaya ya taɓa rayuwar dubban yaran da ba zai taɓa sanin sunayensu ba.

A ɓangaren hoton nukiliya aikin ya ɗan bambanta, domin a can sinadari mai fitar da haske ake sa wa maras lafiya a jiki, kuma ƙarfinsa yana raguwa da lokaci: na teknetiyam-99m yana komawa rabi cikin awa shida, na fulorin-18 da ake amfani da shi a hoton PET, wani nau'in hoton nukiliya, kuma cikin kusan minti 110. A ɗakin MRI kuwa babban haɗarin shi ne maganaɗisu, wanda ba a kashe shi dare da rana. Na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ta ninka maganaɗisun duniya kusan sau dubu talatin, tana iya fizgo tukunyar iskar oksijin daga bakin ƙofa, don haka tantance ƙarfen da ke jikin maras lafiya yana cikin abin da ake neman shawarar masanin fiziks a kai.

Game da hanya, digirinki na farko shi ne harsashi, sai digiri na biyu a fiziks na asibiti, sannan horo a cikin asibiti ƙarƙashin ƙwararre, wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta ba da shawarar kada ya gaza shekara biyu. A Amurka ana bin kwas da hukumar CAMPEP, mai tantance kwasa-kwasan fiziks na asibiti, ta amince da shi, a yi horon shekara biyu, a rubuta jarrabawar hukumar ABR mai ba da shaidar ƙwarewa. A Birtaniya akwai shirin horar da masana kimiyya na hukumar lafiya ta NHS, mai shekara uku, wanda ke haɗa aiki da digiri na biyu. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya, tare da jami'ar birnin, tana da digiri na biyu na shekara biyu da aka tsara musamman domin ɗaliban ƙasashe masu tasowa, kuma shekarar ƙarshe a asibiti ake yin ta. Digirin digirgir ba sharaɗi ba ne ga aikin asibiti a yawancin ƙasashe, amma mai son koyarwa da bincike ba zai rabu da shi ba.

A nan ne nake son ki buɗe ido sosai, domin wannan mataki na horon asibiti shi ne ƙunƙuntar ƙofar da mutane ke maƙalewa. Jami'o'i suna yaye masu digiri na biyu fiye da guraben horon da ake da su, kuma takardar da ba a haɗa ta da horo ba ba ta isa a damƙa wa mutum na'urar asibiti.

Batun samun aiki kuwa, zan faɗa miki yadda yake ba tare da ƙawatawa ba. Mafi yawan masana fiziks na asibiti a duniya suna aiki ne a sashen gashin cutar daji, inda doka a ƙasashe da yawa ta hana a kunna na'ura sai da su. Guraben sashen hoto sun fi ƙaranci, kuma a ƙasashe da dama, duk da cewa buƙatar tana nan ƙarara, ba a ma ƙirƙiri matsayin a tsarin ma'aikatan lafiya ba, sai ka tarar da na'urori masu tsada suna aiki shekara da shekaru babu wanda ya auna su. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin fannin zai buɗe: na'urorin CT da MRI suna ƙaruwa, hukumomin kula da haske suna ƙara tsananta sharuɗɗan lasisi, gashin cutar daji kansa yanzu ya dogara da hoto wajen saita inda za a haska. Saboda haka shawarata ita ce ki ƙware a hoto amma kada ki jahilci gashi, domin sau da yawa ta can ake fara samun shiga.

Asibiti ba shi kaɗai ne wurin aiki ba. Kamfanonin da ke ƙera na'urorin, irin su Siemens Healthineers da GE HealthCare da Philips da Canon, suna ɗaukar masana fiziks domin bincike da horar da ma'aikatan asibitoci. Hukumomin gwamnati masu sa ido kan amfani da haske suna buƙatar masu duba wurare. Wasu kuma suna zaman kansu, suna zagaya ƙananan asibitocin da ba za su iya riƙe ma'aikaci na dindindin ba. Ƙirƙirarriyar basira da ake tsoron za ta kwashe ayyuka, a ganina ƙarin aiki ta kawo wa wannan fanni, domin duk manhajar da za ta karanta hoton maras lafiya sai an samu wanda zai gwada ta ya san inda take kuskure.

Sai maganar haihuwa, wadda na san tana damun mata da yawa. Da farko, MRI da hoton sauti da ake yi wa masu juna biyu ba sa amfani da irin hasken da ake tsoro kwata-kwata. A inda ake amfani da shi, ƙa'idar duniya ta iyakance abin da ma'aikaci zai samu ga milisibat 20 a shekara, a matsakaicin shekara biyar, kuma kowane ma'aikaci yana maƙala ɗan bajon da ke auna rabonsa. Mafi yawansu ba sa ko kusantar wannan iyaka. Hasken da ke lalata ƙwan mace har ta daina haihuwa sai ya haura milisibat dubu biyu a lokaci guda. Idan ma'aikaciya ta samu juna biyu, ta sanar da wuri, a tsara mata aiki yadda abin da ke cikinta ba zai samu fiye da milisibat 1 ba har ta haihu.

Tun yanzu ki ɗauki aikin bincikenki na kammala digiri a kan wani abu da ya shafi hoto, ki koyi rubuta manhaja da Python, ki san tsarin DICOM da ake adana hotunan asibiti da shi, ki kuma nemi izinin zama 'yan makonni a sashen hoto domin ki ga aikin da idonki. Duk jami'ar da za ki nema, kafin ki cike takarda ki tambaye su wane asibiti suke tura ɗalibansu horo, na tsawon wane lokaci, kuma ina waɗanda suka yaye a shekarun baya suke aiki yanzu.