Amsa: Wane filin tseren daji ne ya fi wahala?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane fili ne ya fi wahalar da 'yan tseren daji, wato gudun dogon zango da ake yi a kan ciyawa, taɓo da tuddai, ba a kan titi ba. Ni dai a wurina Aarhus ta ƙasar Denmak ce kan gaba. A gasar duniya ta 2019, sai da aka sa masu gudu hawa rufin gidan tarihi na Moesgaard, rufi ne mai gangare da ciyawa a kansa, ga taɓo, ga yashi, ga kududdufi. Kilomita 10, kuma kowane zagaye sai an sake hawa wannan rufin! Joshua Cheptegei na Yuganda ya lashe ta maza, Hellen Obiri ta Kenya ta ɗauki ta mata.

Shi Cheptegein nan ya taɓa shan wuya a gida. A gasar duniya ta 2017 a Kololo da ke Kampala, yana gaba da tazara, jama'a na ta ihu, sai ƙafafu suka ƙi a zagayen ƙarshe. Da tangaɗi ya ƙarasa, na 30. Zafi ma ba wasa ba ne: a Mombasa ta Kenya a 2007 har Kenenisa Bekele, shahararren ɗan tseren Habasha, ya fice bai gama ba.

In tarihi kake so, duba gasar Cinque Mulini a Italiya, wadda aka fara a 1933, inda ake ratsawa ta cikin gidan niƙa. Parliament Hill ta Landan kuwa, taɓonta kan tuɓe wa mutum takalmi.