Tambayoyin Masu Karatu: Wane Batiri Ya Dace Da Kayan Gida?

Tambaya: Ina so in daina sayen batirin da ake zubarwa bayan ya ƙare, domin rediyona da tocilan na cinye kuɗi sosai. Wane iri zan saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ga rediyo da rimot, batirin NiMH, wato irin wanda ake iya sake yi wa caji, mai girman AA ko AAA shi ne ya fi dacewa, sai dai ƙarfinsa bolt 1.2 ne, ƙasa kaɗan da bolt 1.5 na batirin da ka saba da shi, amma yawancin na'urori ba sa damuwa da wannan bambanci. Ka duba lambar mAh da ke jikinsa, domin ita ke nuna yawan cajin da yake riƙewa.

Tocilan masu haske sosai kuwa sukan yi amfani da batirin lithiyom, irin wanda ake kira 18650 (lambar girmansa ke nan) mai bolt 3.7, wanda yake buƙatar cajarsa ta musamman, kuma zafin rana yana saurin lalata shi. Kada ka haɗa tsohon batiri da sabo a na'ura ɗaya, kuma idan ka ga batiri ya kumbura, ka daina amfani da shi nan take.