Furen da ke tsirowa a bakin ƙanƙara

Tambaya: Na ga hoton wani farin fure da ya fito tsakanin duwatsu da dusar ƙanƙara a ƙasar Norwe, an rubuta masa Ranunculus glacialis. Yaya ake gane shi, kuma za a iya shuka shi a lambu?

Amsa: Ƙaramin tsiro ne mai rayuwa shekara da shekaru, tsayinsa santimita 5 zuwa 20. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ne ya raɗa masa wannan suna a 1753. Ganyensa kore ne shar, mai kauri da sheƙi, ya rabu gida uku, kowane gida da tsage-tsage. Yawancin danginsa furensu rawaya ne, shi kuwa yana buɗewa fari fat da rawaya a tsakiya, daga baya ya rine ya koma ja-ja. Idan kana so ka tabbatar, juya furen ka duba bayansa. Ƙananan ganyayen da suka tallafe shi suna lulluɓe da gashi mai launin tsatsa, wannan ce alamar da ba ta ruɗi.

Mazauninsa tsaunukan Norwe da Suwidin, da Aisland, da gabashin Girinland, da tsaunukan Alps na tsakiyar Turai, inda aka same shi a tsayin sama da mita 4,000. Yana son tsakuwa mai danshi wadda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ke ratsawa, a kan duwatsun da ba su da farar ƙasa.

Abin burgewa shi ne yadda yake ribatar ɗan lokacin da yake samu. Ƙanƙara ba ta barin ƙasa a buɗe a can sai na 'yan makonni, saboda haka tun shekarar da ta gabata yake ƙulla tohon furen ya ajiye. Da ƙanƙara ta janye, wajen Yuli ko Agusta, sai ya buɗe, ƙudaje su yi masa barbara.

Batun shuka, shawarata ka haƙura. Ko a lambunan Turai yana wuyar rayuwa, balle a ƙasa mai zafi. Saiwarsa tana buƙatar ruwan sanyi mai wucewa. Idan ruwa ya kwanta ko ƙasa ta ɗumama, ruɓewa take yi.

A kula kuma, danginsa suna da wani sinadari mai guba, protoanemonin, wanda ke sa fata ta yi bororo idan an murza ɗanyen ganye, don haka kada a kai shi baki.