Amsa: tsohuwar Massey Ferguson 135 da ta ƙi tashi

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce taraktar Baba ta shekara shida a ajiye a gonarku ta Kumo, kana tambaya ko ta gyaru ko a sayar wa 'yan gwangwan. Don Allah kada ka sayar. Injin Perkins mai silinda 3 ne a cikinta, ba ya mutuwa da wuri.

Amma kada ka sa batir ka hau murza makulli. Fara juya injin da hannu. In ya juya, ka huta da babban aiki. In ya cije, a cire nozul (masu fesa mai cikin silinda) a zuba ɗan man gas a silinda, a bar shi ya kwana uku. Tsohon man da ke tanki kuwa zubar da shi, ruwa da tsatsa ne, ka canza filta, sannan a fitar da iska daga famfon mai. Nan ne mutane da yawa ke karaya, alhali iska ce kawai ta hana ta tashi.

Duba baƙin mai: in ya yi fari kamar kindirmo, ruwa ya shiga. Bakanike kuma nemi dattijo, irin waɗanda suka saba da taraktocin Steyr da ake haɗawa a Bauchi a da.