Me Ya Sa Takardar Magani Take Cewa “Ba a Tabbatar Ba” Ga Mai Ciki?

Tambaya: Ina da ciki wata biyu, zazzaɓin cizon sauro ya kama ni, likita ya rubuta mini Coartem. Da na buɗe takardar cikin kwali sai na ga an ce ba a tabbatar da lafiyarsa ga mai ƙaramin ciki ba. Likitan ne ya yi kuskure? Kuma me ya sa kusan kowane magani haka ake rubutawa kan masu ciki da jarirai?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi, ya sauke ki lafiya. Likitanki bai yi kuskure ba, takardar ce aka bari a baya. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki wannan magani tun a watanni ukun farko. Kafin nan kwini ake bayarwa na kwana 7, ga ɗaci, ga kunne yana ƙara, mata da yawa ba sa kai ƙarshensa. Ki sha naki daidai yadda aka ce, da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Zazzaɓin da aka bari shi ne abin tsoro, don yana jawo ƙarancin jini da ɓari.

“Ba a tabbatar ba” ba yana nufin an ga illa ba. Galibi ma'anarsa ba a gwada ba. Asalin abin daga talidomaid ne, maganin da aka fitar a Jamus ta Yamma a 1957, mata suka riƙa sha don laulayi. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi gudu: a 1977 Amurka ta hana sa matan da za su iya ɗaukar ciki a gwajin farko na magunguna, ba a ɗage ba sai 1993. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina ta bar baya da ƙura, domin mai ciki ba ta daina ciwo ba, sai dai likita ya yi ta lalube.

To ina ake samo sanin? Daga rajista. Ana bibiyar matan da suka sha magani, da yawa ba su ma san suna da shigar ciki ba, a rubuta me suka sha, a wane mako, da yadda aka haihu. Irin wannan bayani da aka tattara daga Afirka da Asiya aka gwama da na masu shan kwini, ba a ga ƙarin ɓari ko nakasa ba. Aiki ne mai cin shekaru.

Da can ana yi wa magunguna alamar A, B, C, D da X don nuna haɗarinsu ga mai ciki. Amurka ta fara watsar da tsarin a 2015, saboda harafi ɗaya ba ya faɗin a wane wata haɗarin yake.

Na yara ma haka. Jariri ba babban mutum ba ne da aka rage wa tsawo; hantarsa da ƙodarsa ba su nuna ba. Kuloramfenikol, wani maganin ƙwayoyin cuta, ya taɓa kashe jarirai sabbin haihuwa don hantarsu ta kasa sarrafa shi. Shi ya sa nake faɗa da masu ɓalla ƙwayar manya gida biyu su jiƙa a cokali. Da nauyin yaro ake auna magani. Sai a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin muhimman magunguna na yara kaɗai.

In kin je awo, ki faɗi duk abin da kika sha, har jiƙo da na kemis, a sa a katinki. In kin ga ƙuraje, jiri ko zubar jini, ki koma asibiti nan take, ki nemi a cike takardar rahoton illar magani ta NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya.