Dalilin da kabon ke zagayowa amma kuzari ba ya dawowa

Ɗan'uwa ka tambaya me ya sa kabon, wato sinadarin da ke jikin duk wani abu mai rai, ke zagayowa tsakanin iska da halittu amma kuzari ba ya dawowa. To kuzarin nan daga rana yake, ganye ya kama haske ya haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid ya yi sukari. Barewa ta ci ciyawa, zaki ya cinye ta, amma a kowane mataki kusan kashi 10 cikin 100 na kuzarin ne kawai ke wucewa gaba, yawancin sauran zafi yake zama ya watse, taɓa jikinka bayan gudu ka ji. Shi kuwa kabon ba inda ya je wallahi, numfashi na fitar da shi, gawa ta ruɓe ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira bakteriya su mayar da shi iska, ganye ya sake ɗauka.